Tsohon Littafi da Sabon Al'amari: Yadda Aka Yi Aiki da Adabin Magabata Cikin Siyasa da Yaƙi da Wasa a Ƙasar Hausa

Cikin zaurukan malamai na ƙasar Hausa akwai wani littafi wanda almajiri ya kan iske in ya yi nisa cikin ilmin lugga, malamai suna ce masa Shu'ara. Waƙoƙi ne na mawaƙa shida na Larabawan zamanin Jahiliyya, watau Imru'ul Ƙaisi, da Nabiga, da Alƙama, da Zuhairu, da Ɗarafa, da Antara. Wani malamin Andalus, Al-A'alamu mutumin Shantamariyya, wanda ya rasu cikin 1083, shi ya tara su ya yi musu sharhi. Dalilin karanta su a wurinmu shi ne neman ƙwarewa cikin Larabci domin fahimtar Alƙur'ani da Hadisi. Amma wanda ya sha ruwan rijiya ba ya rasa jin ɗanɗanon ƙasarta. Tare da lugga, almajiran nan sun ɗauki wani abu dabam, watau hanyar da a ke siffanta doki da takobi da jarumi da abokin gaba.

Nufin wannan takarda shi ne mu bi sawun yadda mutanen ƙasar nan suka riƙa ɗauko irin waɗannan tsofaffin littattafai, da waɗanda shugabannin Jihadi suka rubuta daga baya, suna auna al'amuran zamaninsu da su, ko a fagen siyasa, ko a fagen fama, ko a fagen wasa. Za mu ga inda awon ya yi daidai, da inda ya karkata, sa'an nan mu faɗi abin da ya kamaci malamin da ke koyar da su.

TSEREN DA YA ZAMA YAƘI

Ya kamata mu fara da labarin da ya haɗa abubuwan nan uku wuri guda. A ƙarshen ƙarni na shida na Miladiyya, ƙabilu biyu 'yan'uwan juna, Absu da Zubyanu, dukansu daga zuriyar Gaɗafanu, suka yi caca a kan tseren dawaki. Ƙaisu ɗan Zuhairu, shugaban Absu, yana da ingarma mai suna Dahisu. Mutanen Fazara, wani reshe na Zubyanu, a ƙarƙashin Huzaifa ɗan Badaru, suna da goɗiya mai suna Gabra'u. Masu ruwaya sun ce raƙuma 100 aka sa. Da mutanen Fazara suka ji tsoron kaye, sai suka ɓoye waɗansu samari a hanya, suka tare Dahisu yana kan gaba, goɗiya ta wuce. Gardama ta tashi, aka hana abin cacar, aka kashe mutum guda, aka rama, har abin ya zama yaƙin da aka ce ya ɗauki shekara 40.

Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin mawaƙan nan shida wannan yaƙi guda suka gani. Antara mutumin Absu ne, uwarsa baiwa ce Bahabashiya, da takobi ya sami 'yancinsa da matsayinsa. Waƙarsa ta yabon kai ce, da siffanta karo, da dokinsa cikin ruwan māsu. Zuhairu kuwa tsoho ne sa'ad da ya yi tasa, kuma waɗanda ya yaba su ne Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, dattawa biyu na ɓangaren Zubyanu, waɗanda suka ƙidaya mamatan kowane gefe suka ɗauki nauyin biyan diyyar abin da ya saura daga dukiyarsu, alhali ba su zubar da jinin kowa ba. An ce raƙuma 3,000 suka biya cikin shekara uku. Zuhairu ya kamanta yaƙi da wuta, da dutsen niƙa, da dabba mai haihuwar 'ya'yan tsiya.

Saboda haka almajirin da ya sauke Shu'ara ya gaji murya biyu daga yaƙi ɗaya, ta mai zuga da ta mai sulhu. Tarihin da za mu bi yanzu, galibinsa, labari ne na wace murya aka ɗaga, wace aka danne.

MALAM ABDULLAHI DA SHEHU LAMINU

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa da kansa, cikin littafinsa Ida'un Nusuki inda ya lissafta malamansa, cewa ya karanta mawaƙan nan shida a wurin wansa Shehu Usmanu. Da Jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, suka kuma karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto cikin Yuni na wannan shekara, Malam Abdullahi ne shugaban yaƙi, shi ne kuma ya waƙe nasarar. Wanda ya duba waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya tara cikin 1813, zai ga ƙirar ƙasidar Jahiliyya sarai: tsayawa a kufai, da ambaton tafiya, da siffanta gudun abokin gaba da kayan da ya zubar. Amma ma'anar da aka zuba cikin wannan ƙira ta Sira ce. Jama'a sun ɗauki Gudu makwafin hijirar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Tabkin Kwatto kuwa makwafin Badar. Nana Asma'u ta bi wannan tsari daga baya cikin waƙarta ta tarihin Shehu. Wannan kamantawa ta ba mutane ƙalilan, marasa dawaki da sulke, ƙarfin zuciyar tsayawa gaban mayaƙan Gobir.

To, amma mutumin nan da ya yi waƙar nasara shi ne ya fara juya ma'auni a kan 'yan'uwansa. Wajen 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, ya ga yawancin abokansa na farko sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu ya koma ga neman sarauta da tara bayi da tufafi da dawakin ado. Ya bar rundunar da nufin tafiya gabas. A Kano aka tsai da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami domin ya nuna wa sababbin masu iko iyakar ikonsu, sa'an nan ya koma gida. Waƙarsa ta wannan baƙin ciki tana nan cikin littafi guda da waƙar Tabkin Kwatto.

Har wa yau akwai na biyu. Bayan da mutanen Jihadi suka ci Birnin Gazargamu cikin 1808, Shehu Muhammadu Laminu Alkanemi ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar Barno, ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci. Gindin maganarsa shi ne saɓo dabam, kafirci dabam, kuma laifuffukan da a ke ɗora wa Barno ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi ba wanda ya kafirta su. Ya ƙara da cewa ya ga littattafan Shehu Usmanu, ya kuwa ga ayyukan waɗansu mabiyansa sun saɓa musu. Iyakar saninmu, yana cikin na farkon waɗanda suka kafa hujja da littattafan Shehu a kan masu riƙe da tutar Shehu. Abin da ya fi wannan daraja kuma, Muhammadu Bello bai ɓoye wasiƙun ba. Ya sa su cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya gama cikin 1812, tare da amsoshinsu, don mai karatu ya ji daga bakin kowa. Wannan ladabi ne na ilmi wanda da yawa cikin magadansa suka kasa riƙewa.

SHEKARAR 1903

Shekara ɗari bayan hijirar Gudu, littattafan da aka rubuta don wancan zamani suka zama su ne tsofaffin littattafai, aka kuma buɗe su don wani sabon al'amari. Turawan Ingila suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka karya mutanen Sakkwato a Giginya ran 15 ga Maris. Tambayar da ta fuskanci malamai ita ce, a tashi ko a zauna?

Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ɗauki hukuncin da ke cikin Bayanu Wujubil Hijira, wanda Shehu ya rubuta cikin 1806, cewa hijira daga ƙasar da kafirai suka rinjaya wajiba ce. Ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, manoma da masu sarauta, har Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa kusa da Sannar ya ke ɗauke da sunansa. Waziri Buhari kuwa, bayan ya shawarci malamai, ya koma Sakkwato ya yi sulhu. Hujjarsa ita ce shari'a ta yi rangwame a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri in ana tsoron halakar Musulmi, muddin bai hana salla da azumi da sauran shika-shikai ba, kuma in kowa ya tashi ƙasar za ta zama kufai, addini ya mutu a cikinta. Ya rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana uzurinsa, cikinta kuwa ana jin nauyin da ke zuciyarsa.

Duka biyu ɗaki guda suka shiga suka ɗauko hujja. Littafi bai yanke musu shawara ba, ya dai ba su harshen da za su yi gardama da shi, da iyakokin da ba za su ƙetare ba. Zaɓi kuwa, da alhakinsa, nasu ne.

ZAMANIN JAM'IYYU

Cikin shekarun mulkin Turawa littattafan nan suka fita daga zaure suka shiga ɗab'i. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano cikin 1908, Arnett ya fassara Infaƙul Maisuri cikin 1922, Baldwin ya fassara nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa cikin 1932. Ofishin Fassara kuma ya fito da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda yaran makarantun Midil suka karanta. Da haka aka sami samari masu ilmi biyu, na zaure da na boko, su ne kuwa suka buɗe siyasar Arewa.

Babbansu wajen wannan aiki shi ne Malam Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya rasu cikin 1958. Waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ƙirar waƙar wa'azi gare ta, amma abin da ke cikinta siyasar duniya ce. Ya tuna wa sarakuna asalin gadonsu daga Shehu, ya nuna musu abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947, ya gargaɗe su cewa in ba su gyara shari'a da ilmi da sha'anin talakawa ba, mulkin zai kuɓuce musu. Alhaji Mudi Sipikin ya amsa masa da Arewa Jumhuriya Kawai. Ga gardamar tsarin mulki ana yin ta da baiti da amsa-amo, kamar yadda malaman ƙarnin da ya wuce suka saba.

Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. Cikin wannan wata kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batu a Majalisar Kaduna yana neman a gyara mulkin En'e. Cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, watau NPC. Daga nan kowane ɓangare ya riƙe gefe guda na rigar Shehu. Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, jinin Shehu ne ta wajen Sarkin Musulmi Bello. Abin da ya ɗauka daga Jihadi shi ne haɗa kan ƙasa mai faɗi a ƙarƙashin shugabanci guda, da biyayya ga shugaba, da yaɗa addini, kamar yadda ya nuna da kafa Jama'atu Nasril Islam cikin 1962 da rangadin musuluntarwa na shekarun da suka biyo. Malam Aminu Kano, ɗan gidan alƙalai da malamai, ya ɗauki Shehun Ɗagel, mai wa'azi a kan zaluncin sarakuna, da Malam Abdullahi mai kukan lalacewar Jama'a. Akwai wani ɗan littafi, Kitabul Farƙi, wanda a ke danganta wa Shehu, Hiskett ya buga shi cikin 1960. Cikinsa an lissafta abubuwan da aka ƙi na mulkin Haɓe, an kuwa ambace su da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Mutumin NEPU ba ya bukatar dogon sharhi a nan, sai ya karanta jerin ya tambayi masu sauraro ko sun san waɗannan abubuwa. Wannan hujja ta daɗe tana aiki, har cikin 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Kowane ɓangare yana da gaskiya cikin abin da ya karanto, kowane kuma ya tsallake shafi. Masu mulki ba su son shafin da ya ce sarauta ba gado ba ce, kuma shugaba abin tuhuma ne. 'Yan hamayya kuwa ba su cika tsayawa a kan shafin da ya yi horo da biyayya da gudun fitina ba, ba su kuma cika faɗin cewa littattafan ba su san ƙuri'a da jam'iyya ba, kuma daular da suka kafa ta tsaya a kan bauta. Kowa ya ɗebi abin da zai yi miyarsa.

YAƘIN BASASA

Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da waɗansu shugabanni da manyan soja. Cikin Mayu, da kuma Satumba da Oktoba, aka kashe dubban Inyamurai a garuruwan Arewa. Taron Aburi na Janairu 1967 bai haifar da sulhu ba. Ran 30 ga Mayu aka yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara harbi.

Mawaƙan Hausa suka yi abin da suka gada. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Malam Sa'adu ya yi wa sojan da suka komo daga Bama waƙar maraba. Yanzu kuma Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi Jiki Magayi yana zuga sojan Tarayya, makaɗa da marubuta masu yawa suka bi, rediyon Kaduna yana watsawa. Kayan aikinsu tsofaffi ne: kirarin barde, da zambon abokin gaba, da kamanta shi da ɗan tawayen da ya saɓa wa shugaba. Ba mu musun fasahar waɗannan waƙoƙi, ba mu kuma musun cewa sun ƙarfafa zukatan mutanen da 'ya'yansu ke bakin dāga.

Amma ma'aunin Jihadi bai dace da wannan yaƙi ba. Shugaban ƙasa, Yakubu Gowon, Kirista ne, haka kuma babban rabo na sojan da suka yi faɗan, mutanen Filato da Binuwai da kudancin Zazzau da ƙasar Yarabawa. Masu farfagandar Biyafara su ne suka fi kowa son a kira shi jihadi, domin su sami tausayin Turai da Amurka. Kuma harshen zuga ba shi da wurin ajiye abin da ya faru ga farar hula a Asaba cikin Oktoba 1967, ko yaran da yunwa ta kashe, waɗanda mafi ƙarancin ƙiyasi ya sa mamatan yunwar a 500,000, waɗansu kuwa suna kai su miliyan biyu. Muryar Antara ta cika fage, ta Zuhairu ta yi ƙaranci.

Da yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970, Gowon ya yi shelar cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya yi afuwa ga yawancin waɗanda suka yi faɗa. Wannan ya yi kusa da halin dattawan nan biyu na Zubyanu. Sai dai waƙar Zuhairu tana koya mana cewa sulhu yana da farashi, kuma daraja tana ga wanda ya biya daga garkensa. In muka auna da wannan, fam 20 da aka ba masu ajiyar banki na yankin Biyafara kome yawan ajiyarsu, da rikicin gidajen da aka ce an yasar a Fatakwal, sun nuna cewa diyyar ba ta cika ba. Ciwon da ba a matse ba kuwa, shi ke komawa.

FAGEN WASA

Da yaƙin dawaki ya ƙare cikin 1903, kayansa da harshensa ba su mutu ba, sai suka sake mazauni. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Waɗannan sun koma kayan hawan salla da na daba irin wadda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna cikin 1956, har cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Jafi da a ke yi gaban sarki sukuwar kai hari ce wadda aka ja wa linzami. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya yi wa dokin sukuwa Ɗanfilinge waƙa irin wadda dā sai barde ke samu, kuma malamin da ya san dokin Imru'ul Ƙaisi zai ji daɗin ajiye su gefe da gefe, ko da ya ke ba mu ce ɗaya ya ɗauko daga ɗaya ba.

A dambe abin ya fi fitowa fili. Hannun da aka naɗe shi ne mashi, ɗayan kuwa garkuwa. Wanda aka kai ƙasa an kashe shi. 'Yan dambe suna tafiya ƙungiya-ƙungiya bayan kaka, gari ya kara da gari. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago cike ta ke da mutuwa da kabari da ƙarfe. A Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta ƙasa wadda aka fara a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ci ta farko, abin da a ke ba zakaranta shi ne takobi. Amma wanda aka kashe a dambe ya kan tashi ya kakkaɓe ƙura, su rungumi juna da wanda ya kashe shi. Hikimar wasa ke nan: ta karɓi harshen yaƙi ta ɗaure shi da ƙa'ida, da alƙali, da ƙayyadadden lokaci.

Labarin Dahisu yana nuna abin da kan faru in ƙa'idar ta karye. A nan ma ya kamata a yi hattara, gama an saba cewa tsere ne ya jawo yaƙin shekara 40, kamar yadda aka saba cewa ƙwallon ƙafa ne ya jawo yaƙin El Salbado da Honduras cikin 1969. Gaskiya ne ƙasashen biyu sun kara sau uku cikin Yuni wajen neman shiga gasar duniya, an kuwa yi tarzoma, sa'an nan aka yi yaƙin kwana huɗu daga 14 ga Yuli. Amma tushen abin ƙasar noma ce. Mutanen El Salbado wajen 300,000 suna zaune a Honduras, aka fara korarsu daga gonaki. Haka nan Absu da Zubyanu, gasar shugabanci tana tsakaninsu tun kafin a ɗaura wa Dahisu sirdi. Wasa ashana ce, ciyawa kuwa ta riga ta bushe. Malamin da ya koya wa ɗalibansa rarrabe sanadi da tushe cikin wannan tsohon labari ya ba su abin da za su fahimci rikicin filin ƙwallo da na ranar zaɓe.

ABIN DA YA KAMACI MALAMI

Kada a zaci wannan magana ta 'yan littafi ce kurum. Daga 2009, sa'ad da fitinar Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri, an ji masu ɗauke da makamai suna kiran sunan Shehu, musamman ƙungiyar Ansaru da ta ɓalle cikin 2012. Sun ɗauki hijira da yaƙi da kafirta masu mulki, suka bar sauran. Suka bar littattafan da Shehu ya rubuta yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa. Suka bar Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, da aikin 'Yan Taru na Nana Asma'u, har aka wayi gari cikin Afrilu 2014 an sace 'yan mata 276 daga makaranta a Cibok. Suka bar tambayar Shehu Laminu, wadda a ƙasarsa suka tashi. Yaron da aka karanta wa shafi guda ba shi da abin da zai kāre kansa da shi daga mai karanta masa.

Daga abin da ya gabata muna ganin sharuɗɗa huɗu. Na farko, a karantar da littafi dukansa, da marubuci dukansa. Wanda ya ji waƙar Tabkin Kwatto ya ji ta barin Jama'a, wanda ya haddace Antara ya haddace Zuhairu. Na biyu, a san shekarar da aka rubuta kowane littafi, da wanda aka rubuta wa, da abin da ya sa. Shehun 1806, yana tsakiyar yaƙi, da Shehun shekarun Sifawa, yana sassauta wa jama'a yana hana su tsananta wa juna, mutum ɗaya ne cikin hali biyu. Na uku, duk wanda ya ce wannan al'amari kamar wancan ne, a tambaye shi inda suka bambanta. Kama da wane ba ta wane, kuma yawancin ɓarnar da muka lissafta daga mance wannan karin magana ta fito. Na huɗu, a bi sunnar Muhammadu Bello, a ajiye maganar abokin gardama cikakkiya kusa da tamu.

Akwai waɗanda za su ce, tun da kowa yana samun abin da ya ke so cikin tsofaffin littattafai, gara a bar su a taska a koyar da ilmin zamani kaɗai. Ba mu yarda da wannan ba. Jama'a ba za ta daina jin sunan Shehu da kunnen girmamawa ba don makaranta ta yi shiru, sai dai fassararsa ta koma hannun wanda ya fi kowa ƙarfin murya. Kuma tarihin da muka bi ya nuna cewa mafi kaifin gyara da aka yi wa masu iko a ƙasar nan, tun daga Malam Abdullahi har Malam Sa'adu da Malam Aminu, daga cikin littattafan nan ya fito. Aikin sassan Hausa na jami'o'i da makarantun horon malamai shi ne su fassara su da Hausa mai sauƙi, su buga su cikakku da tarihinsu, su kuma horar da malaman da za su iya zama da ɗalibi a kan shafin da ba ya so. Allah ya sa mu dace.